Wanda Ya Sani Ya Bugi Wanda Bai Sani Ba

A gidan Hedimasta akwai dokar da ko kajin tsakar gida sun haddace: wanda ya sani, shi zai bugi wanda bai sani ba. Da ita ya riƙe makaranta har ya yi ritaya. Da aka karɓe makarantar daga hannunsa sai ya naɗo dokar ya kawo gida, haɗe da tsohon allon bango da ragowar alli.

Kullum bayan la'asar ake fito da tebur baranda. Ɗalibai biyu suka rage masa a duniya. Akwai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, mai shekara bakwai, wadda ke shanye karatu kamar busasshiyar ƙasa ta samu ruwa. Akwai kuma ɗan ƙanensa, wanda aka kawo bayan rasuwar uwarsa. Ya ɗan girmi Auta. Kowa Bahago yake kiransa, domin ranar da ya iso da hagu ya miƙa hannu ya karɓi ruwan sha.

A garin uwarsa ya taso, da yarenta ya buɗe baki. Ubansa direban babbar mota ne, mai kwana a hanya. Ya sauke shi a gidan wansa yadda yake sauke kaya a sito, ya ce a sa shi makaranta, ya tayar da mota. Tun daga nan harshe uku ke kokawa a kan yaron: na uwarsa da aka hana shi, na gidan da yake tsinta ɗaya-ɗaya, da na makaranta da yake ji kamar ƙarar injin niƙa. Ko ba wannan ma, baƙaƙe ba sa tsaya masa. In ya zuba wa takarda ido sai ya ga suna rarrafe kamar tururuwa, wannan ya hau wancan, layin sama ya zubo cikin na ƙasa. Ya so ya faɗa wa wani, amma ba shi da kalmomin faɗin haka sai a yaren da aka hana.

"A ɗaure shi," in ji Hedimasta.

Inna, matar gidan, ta zo da guntun igiyar shanya ta ɗaure hannun hagun yaron a ƙafar kujera. Ba da mugunta take ɗaurin ba. Tana yi ne yadda take ɗaure akuya, da gwaninta, hankalinta na kan tukunya.

Hedimasta ya dangwala rula a kan allo. "Karanta."

Bahago ya duba. Baƙin farko ya sani jiya. Yau ya juya masa baya. Ya buɗe baki, iska ta fito.

"Auta."

Auta ta karanta tas, kanta a ƙasa.

"To, me kike jira? Ko sai na aiko miki da mota?"

Ya miƙa mata rular, ta katako ce mai bakin ƙarfe. Bahago ya shimfiɗa tafin damansa a tebur. Auta ta ɗaga da hannu biyu ta sauke kamar mai korar ƙuda daga fuskar jariri.

"Wannan bugu ne ko gaisuwa?" Hedimasta ya karɓe rular. "Kawo naki in nuna miki."

Ya nuna mata. Ƙarar ta sa kaji watsewa. Auta ta sa hannu a hammata tana tsalle ba sauti, domin kuka ma yana da nasa lissafin a gidan.

Da aka zo kalma ta biyu, Bahago ya dubi Auta da ido yana roƙonta. Ba roƙon sassauci ba ne. Roƙo yake ta buga da ƙarfi, don kada a sake nuna mata. Ta gane. Ta rufe ido ta zabga masa. Haka aka yi ta yi har ladan ya kira magariba ya cece su. Hedimasta ya tashi alwala yana cewa, "Gobe ma rana ce. Na gyara waɗanda suka fi ka taurin kai, yau suna gaishe ni da mota."

A makaranta ajin su Bahago cike yake har bakin ƙofa, yara daga ko'ina, kowa da yaren da ya baro a gida. Malamarsu ƙarama ce, ba ta daɗe da fara aiki ba, muryarta kullum a dushe. Ita ta lura yaron da ke benci na ƙarshe yana riƙe fensir da dama kamar mai riƙe da wuƙa, amma in ƙuda ya sauka masa da hagu yake kora. Ta kuma lura da tafinsa, wanda ya kumbura har ba ya rufuwa.

Wata rana da aka fita tara ta tsayar da shi. Ta ajiye wani tsohon tire a gabansa, cike da yashin da ta ɗebo wurin masu gini ta tankaɗe. Ta zana saniya a gefen allo, zanen da ko saniyar ba za ta yarda ita ce ba.

"A yarenku yaya ake ce mata?"

Bahago ya sunkuyar da kai. Ya san tarko in ya gani. A gida, kalma ɗaya ta yaren nan na jawo mari biyu.

"Faɗa mini mana. Ni ban iya ba, so nake in koya."

Ya faɗa can ƙasa-ƙasa. Ta maimaita, ta karya kalmar gida uku. Wasu yara da ke leƙe ta taga suka fashe da dariya, kuma ba shi suke wa ba, ita suke wa. Ya gyara mata. Ta sake ɓatawa. Ya sake gyarawa, wannan karon da murya. Da ta faɗa daidai sai ya tsaya yana waige-waige.

"Me kake nema?"

"Rula," in ji shi. "Ni na sani. Ke ba ki sani ba."

Malama ta dube shi. Sannan ta ce, "A nan wanda ya sani koyarwa yake yi. Ka koya mini ɗaya, bari in biya ka."

Ta kama yatsansa na hagu, wanda ba a taɓa kamawa ba sai da igiya, ta ja shi a cikin yashi, suka zana baƙi ɗaya ƙato, girman tafin hannu. Ta sa shi faɗin sautinsa yana zanawa. Ta share, ya sake. Ta ce ya rufe ido ya yi. Ta ce ya nemo abin da baƙin ya yi kama da shi a garinsu, ya kira shi da yarensu. Ya ce wannan ƙugiyar kamun kifi ce, wancan ƙofar ɗakin kakarsa.

Abin mamaki, baƙin da yatsa ya bi ba ya gudu. In ya koma takarda tururuwa suka fara rarrafe, sai ya motsa yatsan a kan cinyarsa, baƙin ya tsaya cak kamar an kira sunansa. Malama ta dawo da shi benci na gaba. Ta yanka masa kwali mai 'yar taga, ya riƙa ɗorawa a kan shafi don layi ɗaya kawai ya riƙa gani. Ta haɗa shi da wata yarinya da ke jin ɗan yarensu. Kafin zangon karatu ya raba, Bahago ya karanta kalmar da ke jikin motar ruwa da ta wuce ta bakin makaranta. Ya bi motar da gudu har kwana yana karantawa da ƙarfi.

Murna ce ta kai Malama gidan Hedimasta, kuma murna ba ta iya tsara magana ba.

Ta same su a baranda ana tsaka da darasi. Idonta ya sauka a kan igiyar kafin ta gama sallama. Ta durƙusa ta gaida shi yadda ake gaida uba.

"Baba, albishir na kawo. Ɗanka ya fara karatu."

"Ɗana?" Hedimasta ya dubi yaron ta saman tabarau. "Wannan? To madalla. Ashe rula ta fara aiki."

"Ba ita ba ce, Baba. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Akwai yaran da baƙaƙe ke rikice musu a ido, sai an bi da su ta hannu da kunne. Shi hannunsa na hagu ne ƙofarsa. In da hali, don Allah a daina ɗaure shi. A kuma bar shi ya riƙa fara faɗin abu da yarensu, daga nan sai a haura da shi."

Inna ta leƙo daga kicin riƙe da ludayi.

"'Yar nan," in ji Hedimasta cikin sanyin murya, "shekararki nawa da kama alli?"

"Ta biyu ke nan, Baba."

"Ta biyu. Akwai takalmi a ɗakin nan da ya girme ki a aikin koyarwa. Likitoci sun bi ta ƙarƙashin rular nan. Alƙali ya bi. Ba wanda na ba wa yashi ya yi wasa. Mu a zamaninmu lalaci sunansa lalaci, ku kuka zo kuka yanka masa rago kuka sa masa sunan asibiti."

"Baba, tafinsa fa ya—"

"Tafinsa na gidan nan ne. Yare kuma, in na bar shi yana wannan gwalan-gwalan ɗin, wa zai ɗauke shi aiki? Gata nake masa."

Inna ta sa baki. "Mu da muke ci da shi, muke sha da shi, mu ne mugaye ke nan? Maraya in ba a tanƙwara shi ba gobe mu za a zaga. Yaro yana miƙa wa manya abu da hagu kamar wanda ya tashi a daji!"

Hedimasta ya ciro waya ya kira ƙanensa, ya ƙara murya don kowa ya ji. Ana jin gurnanin mota a bayan maganar.

"Wata yarinya ce ta zo koya mini tarbiyyar ɗanka."

"Haba Yaya, ni na isa? Ai kai ne uba. Duk abin da ka ga ya dace ka yi, in dai ba karaya ba. Ni ma ai hannunka na bi." Ya yi dariya. "Ka ce masa ya yi karatu. Ga shingen bincike a gabana, sai na kira."

Uban bai nemi a ba shi yaron su gaisa ba. Malama ta tashi. A bakin ƙofa ta sunkuya ta ce wa Bahago a kunne, "Ka riƙa gwadawa a gida ko kaɗan ne. In ya ga kana karantawa da idonsa zai sauko." Ta yi imani da abin da ta faɗa. Ba ta san cewa akwai mutanen da za su yafe maka jahilci amma ba za su yafe maka ilimin da ba ta hannunsu ya biyo ba.

Daga ranar darasi ya zama biyu, safe da yamma. Igiya ta tashi daga wuyan hannu ta koma har gwiwar hannu. Kwalin mai taga, Hedimasta ya tsince shi a jaka ya ba Inna ta hura wuta. In aka kama Bahago yana motsa yatsa a cinya, gefen ƙarfen rular ke sauka a kan gaɓoɓin. Wata safiya ya yi tuntuɓe da bokiti, kalmar yarensu ta suɓuce masa. Inna ta dangwalo barkono ta goga masa a leɓe, ta ce, "Gobe bakin zai tuna." Ya tafi makaranta leɓe kamar an hura. Ya ce wa Malama zanzaro ne.

Kuma duk bugun yamma ta hannun Auta yake bi. Ta ƙware. Ta san inda za ta sauke rula ta yi ƙara ba ta fasa fata ba. In an tashi sai ta bi shi bayan kicin da ruwa a kofi, ta tsoma masa hannun.

A bayan kicin ɗin nan, tsakanin tulin itace da katanga, Bahago ya yi makarantarsa. Ya samo murfin tsohuwar tukunya, ya cika da yashin da ya riƙa kawowa a aljihu. Yana da shiri. Zai koyi kalma guda har ta zauna daram, ya je ya rubuta ta a gaban Baffansa ba tare da an tambaye shi ba. Auta ta gano wurin. Ta tsuguna gefensa tana kallo, yana zana baƙi yana kiran sunan da ya raɗa masa da yarensu, ƙugiya, ƙofar kaka, wutsiyar kare. Ta riƙa maimaitawa tana ƙyalƙyala dariya a tafin hannu.

A haka Inna ta same su wata ranar hutu da hantsi, ta zo ɗibar itace.

Abin da ta gani shi ne: yaro tsugune a lungu, yana zane a yashi da hannun hagu, yana ƙus-ƙus da yaren da ba mai ji, ga 'yarta a gefe tana amsa masa. Auta kuwa ta kwana biyu da zazzaɓi a makon. Itacen ya zube daga hannunta.

"Innalillahi! Malam! Malam, fito ka gani! Bugun ƙasa yake yi! Tsafin dangin uwarsa ya kawo mana gida, ga shi yana sa mini 'ya a ciki!"

Ta fizgo Auta ta wurga ta bayanta. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Hedimasta ya fito yana dogara sandarsa, sanda mai kan tagulla wadda malamai suka ba shi kyauta ranar da ya yi ritaya. Ya tsaya a kan murfin tukunyar ya duba.

Bahago ya ɗaga kai. Duk da tsoro, ya ji ɗan farin ciki, domin ga ranar ta zo da kanta. Kalmar na nan a yashi, manyan baƙaƙe, ba ko ɗaya da ya juya baya. Ya nuna da yatsa ya karanta.

"Baffa."

Ya ga idon tsohon ya bi baƙaƙen daga farko zuwa ƙarshe. Ya ga leɓensa ya motsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba rubutun yara ba zai kasa bambanta rubutu da zanen boka ba. Ya karanta. Ya san abin da ya karanta, ya kuma san a hannun wa aka koyo shi.

Sai ya sa takalmi ya shafe yashin.

"Kin yi gaskiya," ya ce wa matarsa, da ƙarfi yadda na kan katanga za su ji. "Wannan ba karatu ba ne. A fito da tebur."

"Baffa, rubutu ne! Malama ce—"

Mari ya datse sauran. Hedimasta ya ja shi da kunne har baranda. Yau ba a nemi igiya ba. Ya kama hannun hagun ya shimfiɗa shi a tebur, bayansa a sama, ya ce Inna ta danne wuyan hannun. Ta danne da hannu biyu tana karanto addu'ar tsari.

Ya miƙa wa Auta rula. "Ke kika san daidai. Bugi hannun da ya ɓata."

Auta ta sa hannuwanta a baya. "Baba, sunanka ya rubuta."

"Karɓi!"

"Sunanka ne, na gani, wallahi sunanka—"

Ya hankaɗe ta ta bugu da bango. Ya ajiye rular. Ya juya sandar, ya riƙe ta ta ƙasa, kan tagullar ya koma gaba.

Na farko ya sauka a kan yatsan da ke zane. Bahago ya ji ƙarar kafin ya ji zafin, ƙara irin ta busasshen kara in an taka. Na biyu ya sa shi ihu, kuma ihun da yaren uwarsa ya fito, yana kiranta.

"Kun ji ko?" in ji Inna. "Kiran su yake yi!"

Sandar ta ci gaba da sauka. Wani daga kan katanga ya ce, "A yi haƙuri haka, Hedimasta," da irin muryar da ake cewa a sauka lafiya. Ba wanda ya tsallako. Da tsohon ya gaji ya tsaya yana haki, ya goge kan sandar da gefen rigarsa, ya ce a ba yaron ruwa.

Ba a kai shi asibiti ba. Inna ta shafa man zafi ta naɗe hannun da tsumma, ta ce targaɗe ne. Aka ce in an tambaya, daga katanga ya faɗo. Hannun ya kumbura ya yi baƙi, ya fara wari. Bahago na kwance a ɗakin ajiya, zazzaɓi na kaɗa shi, yana jin ana darasi da Auta ita kaɗai a baranda.

Auta ce ta je ajin Malama lokacin tara, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ba katanga ba ce." Malama ta zo da mai babur, ba ta durƙusa wa kowa ba wannan karon, ta ɗauke Bahago zuwa asibiti.

Likita ya kwance tsumman ya kawar da kai. Ya tambayi wa ya yi wannan, aka ce katanga. Ya ce shi dai bai taɓa ganin katangar da ke zaɓen yatsu ɗaya bayan ɗaya ba. Yatsu biyu sun riga sun mutu, sai cirewa. Sauran za su warke a ƙage.

Uban ya iso bayan an yi aikin, yana warin man mota. Bahago na kan gado, ido a rufe, yana jin muryar uban da ta Hedimasta a bakin ƙofa.

"Yaya, na ce fa banda karaya."

"Ka ce. Ni ma ban so ba. Hannu ne ya zarce, ƙaddara ta riga ta rubuta. Amma ka tambayi unguwa abin da aka kama shi yana yi. Da na bar shi, da yanzu wani zancen ake."

Malama ta ce, "Rubutu yake yi. Ni na koya masa. Ni zan je in ba da shaida a duk inda ake so, kai dai ka shigar da ƙara."

"Ƙara?" Uban ya ja da baya kamar ta miƙo masa maciji. "In kai wana ƙara? Mutumin da ya riƙe ni bayan ubanmu? Malama, mun gode da ɗawainiya, Allah ya saka. Amma wannan maganar gida ce." Ya juya ga wansa ya rage murya. "Ka yi haƙuri, Yaya, yaron ya sa ka ɓacin rai."

Malama ta kai maganar wurin shugaban makarantarsu. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya nuna mata wani tabo a bayan hannunsa, ya yi murmushi ya ce shi ma ɗalibin Hedimasta ne, ga shi yau a kan kujera.

Uban ya shigo ya dafa kan yaron, ya ajiye masa lemo da biskit, ya ce ya riƙa jin magana. Da yamma ya tayar da mota. Aka mayar da Bahago gidan da ya fito, domin a cewar dangi, ina ya fi gidan Baffa?

Da ya koma makaranta Malama ta ajiye masa tiren yashi a gabansa, ta ce a gwada da dama, a hankali, ba gaggawa. Ya dubi yashin. Ya cusa hannuwansa biyu a tsakanin cinyoyinsa, ya ƙi fito da su. Ta tambaye shi sunan saniya da yarensu. Ya ce ya manta.

A gida an ci gaba da fito da tebur bayan la'asar. Inna ta mayar da guntun igiyar kan shanya, tunda ba sauran abin ɗaurewa. In baƙi suka zo, Hedimasta kan nuna yaron da haɓa ya ce, "Ga shi nan, yanzu da dama yake karɓar abu. Da wuya, amma mun samu kansa." Baƙin su ce sai godiya, riƙon maraya sai mai zuciya.

Ranar da Bahago ya koma darasi, Hedimasta ya dangwala rula a allo. "Karanta."

Bahago ya duba. Tururuwa na ta rarrafe. A kan cinyarsa wani abu ya so ya motsa, a gurbin da yatsan yake a da. Ya shimfiɗa tafin dama a tebur tun kafin a ce masa.

"Auta."

Auta ta dubi allon. Kalma ce da ta sani tun bara, Bahago ya sha jin ta tana rera ta tana wanke-wanke.

"Ban sani ba," in ji ta.

"Me kika ce?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya rubuta wata, mai sauƙi. Ba ta sani ba. Ya rubuta baƙi ɗaya tal, na farkon fari. Ta dube shi ido cikin ido, ta matso kusa da ɗan'uwanta, ta shimfiɗa nata tafin a gefen nasa.

Haka ta kasance washegari, da jibi, da duk ranakun da suka biyo baya, a gida da makaranta. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ta koma benci na ƙarshe. Hedimasta ya buge ta har rular ta tsage, ba ta sake sanin komai ba. Inna ta ce ai dama ta faɗa, asirin ya riga ya kama ta.

Dokar dai ba ta canja ba, wanda ya sani shi ke bugun wanda bai sani ba. Kullum bayan la'asar, in ka bi ta bayan katangar, za ka ji ana aiki da ita. Mutum ɗaya ne ya rage a gidan da ya san komai, ga kuma hannuwa biyu a kan tebur suna jiransa.